Mai Awara a Layin Baya

A makarantar bakin gada, ranar taron iyaye ba sai an gaya wa mutum matsayin ɗansa ba, ƙafafunsa ne za su gaya masa. Kowane uba da kowace uwa a kujerar ɗansu suke zama, kujerun kuwa bisa makin jarabawa ake sake jera su duk wata. In ka shigo ka yi taku uku ka zauna, to ka haifi ɗa. In kuwa ka yi ta ratsa layi kana ba mutane haƙuri har ka fara jin warin tsumman goge ƙasa, to ka san inda aka ajiye ka.

Shekara uku ke nan Dou Sulan mai awara tana wannan doguwar tafiya. 'Yarta Tian Miao, mai ɗauke da sunan gidan ubanta, ita ce ta arba'in da bakwai cikin yara hamsin da biyu, teburinta na jingine da bangon baya, kusa da tsintsiyoyi da bokiti. Sulan ta zauna, ta cusa gwiwoyinta ƙarƙashin teburin da ƙyar, ta ɗora hannayenta da ruwan wake ya jeme a kai. Ba ta ɓoye su ba. Matar da ke gefenta ce ta ɗan janye jakarta.

Malam Geng, malamin ajin, ya tsaya a gaba da kwalbar shayinsa a hannu, siririn mutum mai tabarau, wanda ba ya ɗaga murya sai dai ya sa ka ji kamar ka yi laifi tun kafin ka san laifin.

"Iyaye, ni awa nawa nake yi da yaro?" in ji shi. "Maki a gida ake dafa shi. Mu nan zubawa kawai muke yi a kwano."

Sai ya sa uwar yaron da ya zo na ɗaya ta miƙe. Wai ta bar aikinta a kantin magani, ta kama ɗaki a bayan makaranta, tana ɓare wa yaro lemo tana sa masa a baki yana karatu. Aka yi tafi. Sulan ma ta tafa sau biyu don kada a ce baƙin ciki take yi.

Da aka tashi, Malam Geng ya ce iyayen yara bakwai na ƙarshe su ɗan dakata. Ya rufe ƙofa, ya raba musu takarda ɗaya-ɗaya. Ya ce takardar neman alfarma ce: iyaye, bisa raɗin kansu, suna roƙon a cire ɗansu daga jarabawar shiga babbar sakandare, a tura shi makarantar koyon sana'a tun yanzu, kada ya ɓata lokaci.

Kowa a garinmu ya san wannan takarda, har mai facin taya. Tun da aka kawo tsarin kuɗin ƙwazo, ana auna malami da yawan yaran da suka ci jarabawa cikin waɗanda suka zauna mata. Cikin waɗanda suka zauna, nan maganar take. Yaron da bai shiga ɗakin jarabawa ba ai bai faɗi ba. Saboda haka duk shekara, da zarar an ga bishiyoyin bakin kogi sun fara toho, sai tausayin 'ya'yan talakawa ya kama malamai, su fara hango musu arziki a aikin walda da gyaran gashi.

Mutum huɗu suka sa hannu nan take, kansu a ƙasa. Wata tsohuwa da jikanta ke hannunta ta ce za ta buga wa iyayen yaron waya, wani kuma ya ninke tasa ya sa a aljihu. Sulan ta tura tata gefen tebur da ɗan yatsa.

"Maman Miao, biro kike nema?"

"A'a, Malam. Tambaya gare ni. Jarabawar nan ta gwamnati ce ko taka ce?"

Malam Geng ya gyara tabarau. "Don amfaninta nake yi. Makinta a lissafi talatin da takwas ne. Ke dai kina sa hannu a aikin gida kullum, na yaba, amma sa hannu kaɗai ba ya koya wa yaro karatu. In ta shiga ta faɗi, zuciyarta ce za ta karye."

"To ta karye a cikin ɗakin jarabawa. Ta fi ta karye a bakin ƙofa."

Ya jawo wani littafi daga aljihun tebur, ya buɗe wurin da ya riga ya ninke. Dokar makaranta ce, in ji shi. Yaron da ya faɗi ƙasa da makin wucewa sau biyu a jere, in iyayensa sun nace ya ci gaba, to ɗaya daga cikinsu zai zo ya zauna da shi a aji yana sa ido, daga bakwai da kwata har sha biyu, kullum, har ranar da za a tura sunayen masu jarabawa.

"Mako huɗu ke nan," ya ce a hankali. "Na san kuma kasuwar awara ta safe ce."

Ai ya sani. Don ya sani ne ya buɗe littafin. Tun da aka rubuta dokar nan ba a taɓa jin wanda ya cika ta ba, don an yi ta ne daidai wuyan mutanen da in ba su fita da safe ba, ba za a ɗora tukunya da yamma ba.

"Akwai kujera, ko in zo da tawa?" Sulan ta tambaya.

Da yamma tana tsince waken suya a tsakar gida, Miao na zaune a bakin ƙofa da littafi buɗe a cinya, shafi ɗaya tun ɗazu. Yarinya ce doguwa marar magana, ta ɗauko uban, wanda ke can kudu yana aikin gini, sai sabuwar shekara ake ganinsa. An buga masa waya, ya ce duk yadda suka gani. Dama abin da zai ce ke nan.

"Ke, ɗago ki dube ni. Kina son shiga jarabawar nan?"

"Mama, ba zan ci ba."

"Na tambaye ki za ki ci? Cewa na yi kina so?"

Miao ta daɗe tana murza gefen shafin. Malam Geng ya saka mata wata takardar a cikin littafin, ko da uwar za ta sake shawara, gefenta na leƙowa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ina so. Ko sau ɗaya in zauna da lamba a teburina kamar kowa."

"Shi ke nan. Tashi ki ɗebo ruwa."

Ranar Litinin ta iso da 'yar kujerar robar da take zama a kasuwa, ja, ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Ta dasa ta gefen teburin Miao. Yara suka yi ta juyowa suna ƙunshe dariya, wani ɗan iska a layi na biyar ya ce yau ajin na ƙamshin karin kumallo. Miao ta sunkuyar da kai kamar ta shige cikin tebur. Sulan ta dubi yaron ta ce, "Ɗan Lao Bi mai kifi ne kai, ko? Gaishe da babanka, ka ce masa ya riƙa wanke maka wuya." Ajin ya ɗauki dariya, daga ranar ba wanda ya sake taɓa ta.

Karatun dai ba ta gane komai a ciki. Shekara biyu kawai ta yi a makarantar ƙauyensu kafin a cire ta ta yi renon ƙanne. Amma wadda ta yi shekara ashirin a bakin teburin kasuwa ta iya kallon mutane, cikin kwana uku kuwa ta ga abin da ta gani. Malam Geng in yana zagaya aji, yakan zo layi na huɗu ya juya, sai ka ce akwai rami a wurin. Tambaya ba ta wuce layi na uku. Littattafan 'yan gaba suna dawowa jajur da gyara, na 'yan baya kuwa kwanan wata kawai ake rubutawa a ƙasa. Ashe tun kafin a kawo takarda an riga an cire yaran nan, jikinsu kawai ke zuwa.

Rana ta huɗu, yana tsakiyar zana wani abu mai kusurwa uku a allo, Sulan ta zunguri Miao. "Kin gane?" Miao ta girgiza kai. Sai Sulan ta ɗaga hannu, ta miƙe shi sosai har rigarta na ɗagewa.

Malam Geng ya yi kamar bai gani ba. Hannun bai sauka ba. Yara suka fara raɗe-raɗe.

"Maman Miao, lafiya?"

"Malam, mu nan baya ba mu gane ba. A sake."

"Ke sa ido aka ce ki yi, ba tambaya ba."

"Ai idon na sa, shi ya sa na ga ba ta gane ba."

Ya sake. Da ya gama ta sake zungurar Miao, yarinya ta ɗan gyaɗa kai, hannun ya sauka. Daga nan abin ya zama jiki. A rana sai hannun nan ya tashi sau biyar, sau shida, a darasin lissafi, a darasin Turanci, har malamar kimiyya ta fara tambaya da kanta, "Can baya, mun wuce?" Ɗan mai kifi ma, da ya ga ba a mutuwa, ya fara ɗaga nasa.

Kada wani ya ɗauka abin a banza ya zo mata. Awara ba ta jiran mutum. Sulan takan gama matsa ta da asuba, ta kai kasuwa ta bar wa Yaya Bao mai ganye ta sayar mata, Yaya Bao kuwa mutuniyar kirki ce amma nata kayan take fara tallatawa. Da rana in Sulan ta dawo sai ta tarar da rabin tire ya fara tsami. Cikin mako na biyu mai gidan taliyar da ke ɗaukar tire biyu kullum tun kafin a haifi Miao ya koma wurin wani.

"Ke kam taurin kanki zai kashe ki," in ji Yaya Bao. "Gyaran gashi mugun abu ne? 'Yar ƙanwata na can tana samu, har babur ta saya."

"Ba mugun abu ba ne, Yaya. In ta faɗi ta je ta koya, ni zan saya mata almakashin. Amma ita za ta faɗi da kanta, ba wani ne zai faɗar mata ba."

Tana faɗa tana juye awarar da ta lalace a bokitin mai aladu. Miao na tsaye a bayanta da jakar makaranta, ta ga komai.

A mako na uku Malam Geng ya tare Sulan a bakin matakala lokacin da yara suka fita motsa jiki. Duk ya faɗa, idanunsa sun yi ja.

"Maman Miao, ki koma kasuwarki. Na ɗage miki dokar."

"Na gode. Sunanta a jerin masu jarabawa fa?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Karon farko ke nan da ya yi mata magana kamar mutum da mutum.

"Kin ɗauka daɗi nake ji? Ajin Malama Shu 'ya'yan likitoci ne da ma'aikatan banki, kowanne da malamin gida biyu. Ni aka haɗa ni da 'ya'yan ƙauye, rabinsu iyayensu na kudu, kakanni ke riƙonsu. Amma sikeli ɗaya ake ɗora mu. Bara na zo na ƙarshe, aka kafa sunana a ofis kowa na gani. Shekara goma sha tara ina aikin nan. Bana lissafin ya tsaya a kan yaro ɗaya tak. In Miao ta zauna ta faɗi, na sake komawa ƙasa, kuɗin ya tafi, ƙarin girman ya tafi. Ni ma ina da 'ya."

Sulan ta ji tausayinsa, da gaske ta ji, har ta ji haushin kanta da ta ji. Ta san yadda mutum yake in an auna shi da sikelin da ba a gyara ba.

"An cuce ka, Malam," ta ce. "Amma ba ni na ɗora ka a sikelin ba. Su suka ɗora ka, kai kuma ka taka kan 'yata don ka ƙara nauyi. Ka je ka yi faɗa da masu sikelin, in kana son mai ɗaga hannu zan raka ka."

Ya mayar da tabarau ya wuce. Ita kuma ta koma kan jar kujerarta.

Ranar Juma'ar mako na huɗu aka kawo jerin sunayen da za a tura ofishin ilimi. Malam Geng na kira, yaro na zuwa gaba ya duba sunansa ya sa hannu a gefe. Sulan ta zo da rigarta ta zuwa biki. Aka kira arba'in da biyar, ya rufe takardar, ya ce a fito da littafin lissafi.

Sulan ta miƙe, ba ta ma ɗaga hannu ba. "Malam, an yi tsallake."

"Ba a yi ba, Maman Miao." Bai dube ta ba. Ya zaro takarda daga cikin littafinsa ya ɗaga. "Jiya Miao ta kawo min. Ga sa hannunki. Na ɗauka yau sallama kika zo yi."

Ta juya ta dubi 'yarta. Miao ta kifa fuska a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Nan take Sulan ta gane. Yarinyar ta ga awara a bokitin aladu, ta ji labarin mai gidan taliya, ta yanke shawarar sayo wa uwarta kasuwa da jarabawarta. Wani irin so da wani irin fushi suka haɗu wa Sulan, har ta rasa ko ta rungume ta ko ta kai mata duka.

Ta ratsa layukan ta je gaba, ta karɓi takardar. Ga sunanta nan a ƙasa, tsaf, kowane zane a wurinsa.

"Ba ni na rubuta wannan ba."

"Haba, Maman Miao." Ya jawo littafin aikin gidan Miao daga tarin da ke gabansa, ya buɗe shafi bayan shafi. "Ga shi nan, ga shi nan, ga shi kuma. Shekara uku ina ganin hannun nan. Iri ɗaya ne, ko makaho ya shafa zai gane."

Gaskiya ya faɗa, iri ɗaya ne. Sulan ta tsaya. Akwai abin da ko Yaya Bao ba ta sani ba, abin da ta yi shekara ashirin tana rufewa da "na manta tabarau" da "hannuna da ruwa, rubuta min". Yara hamsin da biyu na kallonta, kuma kowannensu yana da uwa a kasuwa ko a layinsu. Kafin la'asar garin zai ɗauka.

Ta miƙa hannu ta ɗauki alli.

Ta juya ga allo ta fara rubuta sunanta, a irin rubutunmu da kowace kalma zane ce guda. Sunan gidansu mai zane da yawa ne, tun tana yarinya yake ba ta wahala. Ta ja layin farko ya karkace, allin ya karye, ta ci gaba da guntun. Ta tsaya tana tuno abin da ke biyo baya, ta goge da gefen hannu, ta sake. Gumi ya jiƙe mata bayan rigar bikin. Ba ka jin komai a ajin sai ƙarar allin. Da ta gama kalmomi ukun sunan, ta farko ta yi girman tire, ta ƙarshe ta zame ƙasa kamar za ta faɗo, wani gefenta ma babu.

Wata yarinya a layin gaba ta yi 'yar dariya ta toshe baki.

"Yi abinki, 'yata, abin dariya ne," in ji Sulan ba tare da ta juyo ba. Sannan ta fuskanci Malam Geng, ta nuna allon da allin. "Wannan shi ne hannuna, Malam. Iyakar abin da na iya ke nan a duniya. Duk wanda ka gani a littafin nan ita ke rubutawa, ni ina tsaye a kanta. Ka ce maki a gida ake dafa shi, to ga mai girkin nan ka gani. Abin da ba ni da shi ba zan ba ta ba, shi ya sa na kawo ta wurinka. Takardar hannunka ta jabu ce. Ko ka yaga ta, ko mu tafi ofishin ilimi tare yanzu, in sake rubuta musu su ma su gani."

"Kin san me kike faɗa? In haka ne 'yarki ta yi sa hannun ƙarya. Akwai hukunci."

"A hukunta ta. Bayan jarabawa."

Malam Geng ya dubi allon ya daɗe. Ya dubi takardar. Abin da ya wuce a zuciyarsa shi ya sani, ko tsoron ofishin ne ko wani abu dabam, ba zan ƙaga masa ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun riga. Ya buɗe jerin sunayen, ya cire murfin biro, ya rubuta a ƙasa da hannunsa, yana sane sarai da abin da layin nan ɗaya zai ci masa.

"Arba'in da shida," ya ce. "Tian Miao. Zo ki sa hannu. Naki sunan."

Miao ta taso daga bayan aji, fuska jage-jage da hawaye. Ta yi doguwar tafiyar nan tsakanin tebura, ta sunkuya ta rubuta. Da ta ɗago sai ta kama hannun rigar uwar, tana magana cikin kuka, ba ta damu da masu ji ba.

"Mama, me ya sa? Yanzu kowa zai sani. Kuma ƙila ma in faɗi."

Sulan ta kakkaɓe farin allin daga hannunta a jikin rigar bikin.

"Ƙila ki faɗi," ta ce. "Kunyar tawa ce, na ɗauka. Jarabawar taki ce, ki je ki yi. Wuce mu zauna, kin tsayar da Malam, lissafi zai fara."